Goggo Jan Biro da Farantin Gilashi

Goggona, yayar babana, shekara talatin da uku ta yi tana koyar da 'yan aji biyu a firamaren da ke bayan layinmu. Jan Biro ake ce mata, amma a bayan idonta. Biron kullum yana soke a ɗankwalinta ta gefen kunnen dama, in ta zare shi sai aji ya yi tsit. Mai gyaran babur na bakin titi da mai kemis da telan kusurwa duk ta hannunta suka bi, har yau in ta doso sai ka ga ƙato da gemu yana gyara tsayuwa. Kafin ta rubuta wa yaro "Da kyau" a littafinsa sai ya yi gumi. Ni sau biyu na samu a shekara guda, kuma zumunci bai hana ta murɗe mini kunne ba. In na kai ƙara gida, Baba ya ce, "Ni ma haka ta yi mini. Je ki wanke fuskarki."

Da na girma na zama malama, sai aka turo ni makarantar, aka ba ni aji biyar. Ranar farko ta ja ni gefe ta ce, "Ke 'yar nan, a nan ni ba goggonki ba ce. Malama za ki ce." Na ce to, Goggo.

Ana haka wata ƙungiya ta kawo mana kwamfutar hannu guda goma sha biyu da majigi ɗaya, wai a zamanantar da koyarwa. Hedimastanmu mutum ne mai son makulli, damin makullansa kan riga shi shiga ofis. Ya karɓi kayan ya zuba a kabad ya datse. Duk Litinin ya buɗe, ya goge su da hankici, ya mayar. Zango guda cur ba wanda ya taɓa su, wai kar yara su ɓata.

Sai ga takarda daga sama. Sufeto zai zo nan da wata guda ya ga kowane malami yana koyarwa da na'urar, wanda ya kasa kuma a ɗauke shi daga aji a ba shi wani aikin. A makarantarmu "wani aikin" ma'anarsa ɗaya ce, sito. Wani ɗan ɗaki ne a bayan ajujuwa, cike da tsintsiya da karyayyun bencina. Malamin da aka taɓa kaiwa can, kafin ya yi ritaya ya fara hira da tsintsiya.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ranar muka nemi wuƙa. Hedimasta ya naɗa ni mai koya wa malamai. Ba wai na yi wani karatun kwamfuta ba ne. Na taɓa kashe masa tocilan wayarsa da ta kwana biyu tana haske a aljihunsa, tun daga ranar yake mini kallon injiniya.

Bayan an tashi yara muka taru a ajina, manya-manyan malamai a kan bencin yara, gwiwa na neman haɗuwa da haɓa. Malamin motsa jiki ya ɗauki hoton ƙofofin hancinsa sau arba'in bai sani ba. Goggo kuwa ta karɓi tata da yatsu biyu kamar an miƙa mata mataccen ɓera.

"Wannan farantin, me ake ci a kai?"

"Karatu, Malama. Ki ja da yatsa, shafi zai juya."

Ta lashi yatsanta, yadda ta saba yi wa littafi shekara talatin da uku, ta shafa a gilashin. Na ce ba sai an sa yawu ba. Ta ce, "Tun ba a haife ki ba nake juya shafi." Ta sake lasa.

Na ce kowa ya karanta abin da ke gabansa. Da aka zo kanta ta gyara tabarau, ta ɗaga farantin, ta karanto labarin akuya da mai lambu na littafin aji biyu tiryan-tiryan, ba ko tuntuɓe. Ina tsaye a bayanta. Na'urar a juye take, ƙasa a sama, kuma abin da ke kanta lissafin sau uku ne. Sauran malamai na can suna fama da nasu, ba wanda ya lura. Ni kaɗai na gane da ka take karantowa.

Nan take abubuwa suka fara dawo mini. Goggo ta daina buɗe rajista, da ka take kiran suna. Duk saƙon da ya shigo wayarta sai ta ce in karanta mata, hannunta da maiƙo. Sau uku ta canza tabarau a shekara biyu. Rannan ma ta gaisa da rigar Hedimasta da ke rataye a ƙofa, muka yi ta dariya, mun ɗauka tsiya ce irin tata.

Washegari bayan tashi na same ta a ajinta, littattafan yara jibge a gabanta, tana buɗewa tana zarga maki. Na rufe ƙofa.

"Goggo, yatsu nawa na ɗaga?"

"Ban da rashin kunya."

"Nawa ne?"

Ta daɗe tana kallon inda nake. Sai ta ajiye biron. "Hayaƙi nake gani, 'yar nan. Kamar ana girki da ɗanyen itace a cikin idona. Shekara biyu ke nan. Likita ya ce yanar ido ce, sai an yi aiki, ni kuma ban yarda a sa mini wuƙa a ido ba." Ta kamo hannuna ta matse. "Saura shekara biyu in ajiye aiki. Da ƙafata na shigo ajin nan, da ƙafata nake so in fita. In kika faɗa wa mai makullai, sito zai kai ni. Ki rufa mini asiri."

Ban taɓa jin Goggo ta roƙi kowa ba, ko gishiri. Tausayinta ya kama ni har na ji haushin kaina da na tambaya.

Na ciro kwamfutar daga jaka, na ɗauki hoton shafin littafin da ke gabanta, na ɗora yatsunta biyu a gilashin na ware su. Haruffa suka kumbura, kowanne ya kai girman tafin hannu. Na ƙara haske har ƙarshe. Ta kai farantin dab da hancinta.

"Wannan ai 'ka' ce," ta ce a hankali. "Ga ƙafarta nan."

Sai kuma Jan Biro ta dawo. "Me kike jira? Ɗauko sauran!"

Littafi arba'in da shida muka ɗauka hoto a ranar. Da na san abin da ke ciki da ban yi gaggawa ba. Ashe yara sun daɗe da ganowa. Yaro ai ba a yi masa ɓoyo, shi da yake zaune yana kallonka tun safe. Wasunsu, 'yan albarka, sun koma rubuta kalma ɗaya a layi uku, ɓaro-ɓaro, don ta gani. Wani kuwa a wurin lissafi kaza ya zana, da ƙwai huɗu, ga makin Goggo a kan kazar. Na danne dariya har hawaye. Sai muka zo kan littafin wata 'yar siririya da ake kira Tsinke. A tsakiyar shafi ta rubuta, da rubutu mai kyau kuwa: "Malama ba ta gani." A ƙasa, da jan biro, da hannun Goggo: "Da kyau."

Na ɗauka nan za ta fashe. Sai kawai ta lashi yatsa ta wuce. Abin da ya karya ta yana gaba. Littafi bakwai ba harafi ko ɗaya a ciki, sai layi-layi a karkace kamar sawun tsutsa, shafi bayan shafi tun farkon shekara, kowanne da makinta. Yara bakwai ba su iya rubuta ko sunansu ba, kuma ita ce ta yi ta shaida musu cewa sun iya.

"Iyayensu suna ganin makin nan," ta ce. "Suna cewa ai Jan Biro ce ta duba."

Ta tashi ta ɗauki jakarta, ta sa farantin a ciki, ba ta ko nemi izinin mai makullai ba.

Sati uku da suka rage kullum farantin na hannunta. Ta sa na koya mata ɗaukar hoto da kanta, da inda hotunan ke taruwa, da yadda ake jona shi da majigi. Ni kuma na shirya mata hanyar tsira. Na samo wani bidiyo na tsuntsaye masu rera ƙirge, na ajiye shi a inda ko makaho zai lalubo. "Ranar da Sufeto ya zo, nan kawai za ki danna. Tsuntsaye su yi waƙa, yara su tafa, shi ke nan kin tsallake." Ta ce ta ji.

Sufeto ya zo ranar Laraba, dogon mutum mai fayil a hammata, ga alama ya gaji da ganin tsuntsaye a makarantu. An rataya farin zanin gado a bangon aji biyu, an rufe tagogi. Hedimasta ya zauna kusa da baƙo yana murmushin da bai kai ciki ba. Ni ina bakin ƙofa ina addu'a. Goggo ta lashi yatsa ta danna.

Ba tsuntsu ko ɗaya. Shafin Tsinke ne ya cika bango, kowane harafi ya fi kan yaro girma.

"Ku karanta," in ji Goggo.

Yara suka kalli juna.

"Na ce ku karanta!"

Murya arba'in da wani abu suka ɗauka tare, da irin jan nan na karatun aji: "Ma-la-ma ba ta ga-ni!"

Makullan Hedimasta suka zame suka faɗi ƙasa. Tsinke ta sunkuya ƙarƙashin benci. Goggo ta ce ta fito. Yarinya ta fito, ta riga ta kare kunnenta da hannu.

"Sauke hannunki. Duk makarantar nan, da malamai da ɗalibai, ke kaɗai kika faɗi gaskiya, kuma kin rubuta ta daidai. Zauna."

Ta juya wajen da take jin numfashin baƙo. "Ranka ya daɗe, an ce ka zo ka ga ko na iya aiki da farantin nan. Na iya. Shi ya nuna mini wannan." Ta ja yatsa, sawun tsutsa ya hau bango, ta riga ta yanke wajen da aka rubuta sunan mai littafin. "Yara bakwai gare ni haka. Ni na sa musu maki ban gani ba, don ina tsoron sito. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ba wa mai ido ajin. Ni a ba ni siton, da farantin nan ɗaya, da yaran nan bakwai."

Sufeto ya buɗe fayil, ya rufe, ya sake buɗewa. Ina jin a takardarsa babu gurbin da ake cike irin wannan. Daga ƙarshe ya miƙe ya ce, "Mama, yadda kika ce haka za a yi." Hedimasta ya yi ta gyaɗa kai kamar dama shawararsa ce.

A hanyar gida na tare ta da faɗa. Na ce sati uku ina wahala da tsuntsaye, ga shi ta je ta miƙa wuyanta da kanta. Ta ce, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba." Na ce Goggo, ke da ko rimin ba kya gani? Ta kai mini duka da jaka, ta samu iska.

An fitar da tsintsiyoyi, an gyara benci biyu. Kullum da safe yara bakwai suna bin ta sito. Yaro ya rubuta harafi, ta ɗauki hoto, ta ware yatsu, su haɗa kai a kan gilashin suna duban inda ƙafar harafin ta karkace. Wani lokaci ta sa su naɗi muryarsu suna karantawa, su saurara su yi ta dariyar kansu. Gilashin farantinta duk makarantar ba wanda ya kai shi dauɗa, don har yau ba ta daina lasar yatsa ba. Da hutu ya zo Baba ya lallaɓa ta aka yi mata aikin ido ɗaya. Abu na farko da ta ce da aka cire bandeji shi ne ashe na yi ƙiba.

Ajinta kuwa bai dawo hannunta ba, kuma ba ta nema ba. Wata sabuwar malama ke ciki. Na sha ganin Goggo ta rage tafiya in ta zo wucewa ta tagar, ta ɗan tsaya, sannan ta wuce sito.

Ranar da ta ajiye aiki na je taya ta kwashe kaya. A cikin durowar teburinta na ga littafin Tsinke, ashe ta karɓe shi ta saya wa yarinyar sabo. Na buɗe shafin. Rubutun yarinyar na nan, Goggo ta ƙara masa maki na biyu, babba. Amma "Da kyau" ɗin nan nata ta soke shi da layi biyu, ta zana sifili a gefe, ta rubuta a ƙasa abin da ta shekara talatin da biyar tana rubuta wa 'ya'yan mutane: "Sake."