Dirkokin Namadi

A Gwashi, duk mai son dumansa ya hau sama ya rataya, Namadi yake kira. Shi ne gwanin rumfa: dirkar kirya, sandunan marke a gicciye, tsirgagen geza a saƙe, a ɗaure da ɓawon kalgo. Ba ya yawan magana, kuma ba ya mantuwa.

Daminar 1979 dumansa ya yi 'ya'ya har sun fi sittin. Ana cikin marka, busasshen icce ya yi wuya, aka yi haihuwa gidan maƙwabcinsa Surajo. Ranar suna Namadi yana kasuwar Bukkuyum, Surajo ya shiga garkar Namadi, lambun bayan gidansa, ya zare dirka huɗu daga rumfar duman aka hura wutar tuwo. Kafin la'asar rumfar ta zube, ɗanyen duma duk ya farfashe.

"Haba Namadi, icce ne fa," in ji Surajo, yana dariya. "Daji bai ƙare ba."

Namadi ya ce, "Gaskiya ne." Har tuwon sunan ya ci.

Bayan shekara uku Surajo ya shuka duma, don ya ga ƙwarya tana kasuwa a Gummi. Ya zo neman rumfa. Hure matar Namadi ta ce kada ya je, amma shi ya ɗauki gatari. Wannan karon zogale da hano ya sara, itatuwan da ba su da ƙashi. Ya ɓare su, ya babbaka, ya shafe da laka har suka yi kama da kirya. Rumfa ta tashi, babu irinta a garin.

Ta tsaya wata biyu. Da duma ya yi nauyi, gara kuma ta gama da gindin dirkokin, iskar hadari guda ta kwantar da ita. Namadi ya zo ya tsaya bakin shinge yana kallo. Surajo ya ɗaga guntun dirka, ya murƙushe shi da hannu.

"Mi na yi maka, Namadi?"

"Icce ne fa. Daji bai ƙare ba."

Maganar ta kai gaban dattawa, suka ce Namadi ya ci amana. Bai musa ba. Daga nan mutane suka rage kiransa aiki, ya koma saƙar asabari, Hure tana kai masa talla kasuwa. Ta sha ce masa ya je ya nemi gafara. Yakan ce sai an gama girbi. Ya rasu a 1988, Surajo yana cikin waɗanda suka haƙa kabarinsa.