Ranar da Hajiya Ta Nuna wa Likita Ƙafata

Ni dai karatu bai taɓa kama ni ba. Malaminmu na unguwar Misfala ya yi iya ƙoƙarinsa, ni ma na yi iya guduna, daga ƙarshe kowa ya huta. Tasi na ja a garin nan har ƙarfi ya ƙare. Abin da na ƙware a kai shi ne gaisuwa. Haka aka tarbiyyantar da mu: ko kana kwance ba ka iya ɗaga kai, in an ce yaya jiki, sai ka ce alhamdulillahi, da sauƙi. Ka fara kai kuka wajen mutum kafin ka gode wa Allah, wannan rashin ta-ido ne.

A da wannan ɗabi'a ba ta cutar da kowa, domin muna da likitanmu, wani dattijo ɗan Sudan a mustausaf ɗin unguwa, ƙaramin asibitin da ake fara zuwa kafin babba. Ba a neman izinin kowa. Ka yi asuba, ka sha shayi, ka je ka zauna a benci, kowa ya san wanda ya riga shi. A bencin nan ake jin wanda ya aurar da ɗa da wanda ya sayar da mota, har wani kan manta ciwon da ya kawo shi. In ka shiga, likita ya tambayi jiki, ya tambayi gida, ya tambayi yara. Sai ya bar ka ka gama godiyarka tsaf, sannan ya ce, "To, mun gode wa Allah tare. Yanzu cire takalmi." Tun da ciwon suga ya kama ni bai taɓa barina na fita bai leƙa tsakanin yatsuna ba. Ni a lokacin na ɗauka bin ƙwaƙƙwafi ne kawai.

Sai zamani ya juya. Muka koma unguwar Rusaifa, likitanmu ya tsufa ya tafi ƙasarsu. Na je sabon wurin na nemi benci na zauna abina, sai mai kula da taga ya ce, "Ya ammi, kana da maw'id?" Wato, baffa, an yi maka alkawarin lokacin ganin likita?

Na ce, "Ga ni, ga ciwo, ga likita a ciki. Wane alkawari kuma ya rage?"

Ya yi dariya, ya ce yanzu a waya ake kama lokaci. Ni kuwa a waya abu biyu na sani, maɓallin kore da na ja. Ɗiyata da ke aure a Hindawiyya ita ta ɗauki wannan wahala, kuma kullum amsarta ɗaya: "Baba, ko'ina ya cika."

Ana cikin haka sabon takalmi ya cije ni a babban yatsa. Ba ya zafi, don haka ban kula ba. Hajiya, uwar 'ya'yana, ita ta ga tabo a safa.

"Malam, wannan fa?"

"Takalmi ne ya gaishe ni."

"Irin gaisuwar da aka yi wa maƙwabcinmu?"

Na gane wanda take nufi. Maƙwabcin nan tare muke tafiya masallaci a da. Da ɗan ƙurji nasa ya fara, yanzu ƙafar daga gwiwa babu, a keke ake tura shi. Ni duk abin da ya rage mini na jin daɗi a duniya shi ne in taka zuwa masallaci da ƙafata in dawo ina tsokanar mutane a hanya.

Ɗiyata ta duba, ta ce ganin likita ido da ido sai bayan Idi, amma akwai wadda za ta gan ni ta cikin waya washegari. Da safe na yi wanka, na sa farar riga, na fesa turare.

Hajiya ta ce, "Turaren na wa? Wayar hanci gare ta?"

Na ce, "Likita likita ce."

Fuska ta bayyana, wata likita sa'ar ɗiyata. Ta gaishe ni da Larabci, ta ce, "Kef halak, ya ammi?" Na ce alhamdulillahi. Ta ce akwai abin da ke damuna? Na ce alhamdulillahi a kowane hali. Ina jira ta tambayi gida da yara mu iso wurin takalmi, sai ta ce masha Allah, ta sabunta mini magani, fuska ta ɓace. Ƙafar tana ƙasa a cikin safa, ba wanda ya gaishe ta.

Abin da Hajiya ta faɗa mini ranar ba na rubutawa ba ne.

Yatsa ya kumbura, ya fara baƙi, har turaren ya daina rufe warinsa. A nan tsoro ya shige ni na gaske. Ɗiyata ta yi ta leƙa waya safe da yamma, har Allah ya sa wani ya fasa nasa lokacin ta cafke mini. Wannan karon Hajiya ta zauna a gefena ta harɗe hannu. Likitar nan ce dai. Ta ce yaya jiki, kuma wallahi na shirya faɗin gaskiya, amma bakin ya riga ni.

"Alhamdulil..."

Hajiya ta fizge wayar, ta tuɓe safar da hannu ɗaya, ta kara wa yatsan.

"Shufi, ya daktora! Ga alhamdulillahin nan, duba shi da kyau!"

Likita ta ƙura wa yatsan ido. Sai ta ce kada mu jira gobe, kada mu jira la'asar, mu tafi babban asibiti yanzu, za ta sanar da su muna tafe. Ta ƙara da cewa in yafe mata, ya kamata tun farko ta ce a nuna mata ƙafa. Kunya ta kama ni, yarinya na ba ni haƙuri a kan taurin kaina.

Na kwanta a asibiti, aka kankare abin da ya mutu, aka yi ta wankin ciwo da allura. Yatsan yana nan. Farce ya tafi, ya ɗan karkace kamar yana fushi da 'yan'uwansa, amma da shi nake takawa zuwa masallaci, har in tsaya in tura keken maƙwabcina.

Ina kewar bencin nan, ba zan ɓoye ba, kuma har yanzu kama maw'id sai ɗiyata ta yi da gaske. Amma likitar ta sa an bar ni a hannunta. In ta kira takan bar ni in yi godiyata har in ƙoshi, ta tambayi gida, ta tambayi yara. Sannan ta gyara murya, da Hausar da Hajiya ta koya mata, ta ce, "Baba, cire takalmi."

Ina cirewa. Turaren ma ban daina fesawa ba.