Ni na yi ɗuri na biyu, ba Baba Abakar ba

Baba Abakar maharbi ya rasu yau da asuba a gidansa da ke unguwar Goudji a N'Djamena. 'Yarsa Hawa ce ta kira ni nan Kano da misalin ƙarfe bakwai. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Mutanen N'Djamena da ke bin shafin nan, da yawanku kun san shi da laƙabin Ɗuri-Biyu. Laƙabin nan ba nasa ba ne. Nawa ne, kuma yau zan faɗi yadda aka yi.

Na san shi a shekarun casa'in, ina sabon shiga aikin jarida, ina haya a unguwar Klémat. Na je ne in yi hira da shi kan tsofaffin maharba. Kakansa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Makka, ya yada zango a N'Djamena, zangon ya zama gida. Hirar ba ta taɓa fita ba, amma ni na ci gaba da zuwa.

Jurnalis yake ce mini. Ban taɓa jin ainihin sunana a bakinsa ba.

Adaka ce bindigarsa, wadda ake ɗurawa ta baki. Wani maƙeri ya ƙera masa ita da bututun sitiyarin mota. Yakan auna albarushi da ɗan ƙaho, ya zuba, ya tura tsumma, ya danna da sandar ɗuri, ya zuba ƙananan dalma, ya sake tsumma. Harbi ɗaya ne. Idan ka kuskure, zabi sun tafi.

A jikin sandar akwai tsaga da ya yi da wuƙa. Idan bindiga ba komai a cikinta, sanda na nutsewa har tsagar ta ɓace. Idan a ɗure take, tsagar na tsayawa a waje.

"Jurnalis, ko ni na ce maka babu komai a ciki, kar ka yarda da ni. Tambayi sanda."

Ya faɗa mini wannan ya fi sau hamsin. Maharban Goudji da na ƙauyukan bakin kogin Shari shi suke kawo wa sabuwar bindiga ya duba kafin su harba. Wanda zai koya wa ɗansa ɗuri, wurinsa yake turo shi.

Ranakun Lahadi yakan goya ni a mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, mu yi kudu da gari. Idan ya harbo fakara biyu, ɗaya tawa ce, ni da ko albarushi ban taɓa saya ba. Da matata ta haihu, shi ya kawo zabin daji uku a fige, ya tsaya a ƙofa ya ce a yi wa mai jego romo, ya ƙi shiga.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne. Ya harbo hasbiya, ta faɗa can cikin ƙaya, na tafi ɗaukowa. Na daɗe. Ban san ya sake ɗuri ina can ba, alhali al'adarsa ce, da ya harba yake ɗurawa. Da na dawo na tarar ya jingina bindigar a jikin tsamiya, ya zagaya bayan kurmi.

Na ce bari in burge shi. Na zuba albarushi ban fara sa sanda ba.

Ga wurin da ya fi yi mini nauyi. Da na gama dannawa, na ga tsagar ta tsaya sama fiye da yadda na saba gani, kusan faɗin yatsu huɗu. Na gani da idona. Na ce wa kaina ai tsumma ne ya yi yawa. Gaskiyar ita ce ina jin kunyar ya dawo ya yi mini dariya. Na mayar da bindigar inda take, na zauna kamar ban taɓa ta ba.

Ya dawo a sunkuye, yana nuna mini da leɓe. Garken zabi ne a bakin gona. Ya ɗauki bindigar da ya san shi ya ɗura ta da hannunsa, ya saita.

Bututun ya tsage daidai inda hannunsa na hagu yake. Ya rasa babban yatsa da manuni. Kunnensa na hagu bai sake ji ba.

A lopital, wato asibiti, abokan farautarsa sun cika ɗakin. Ɗaya ya juya ragowar bututun a hannu ya ce, "Abakar, wannan ɗuri biyu ne. Wa ya taɓa ta?"

Ina tsaye a jikin taga. Bai dube ni ba.

"Wa zai taɓa? Ni na manta na ƙara. Tsufa ne, kalas, shi ke nan."

Sai aka yi dariya irin ta sauƙin rai, tunda ya rayu. Wani ya ce, "Mai cewa a tambayi sanda, ashe shi ba ya gaisawa da ita." Daga ranar sunan ya bi shi. Ba a sake kawo masa bindiga ya duba ba. Ba a sake turo masa ɗan kowa ba. Ya koma sayar da tsofaffin kwado da makullai a kasuwar Dembé.

Na yi shiru a ɗakin nan. Na ce zan faɗa idan ya warke. Da ya warke na ce bari zancen ya lafa. Da ya lafa na ce me zai sa in tayar. A aikina na sha buga gyara saboda harafi ɗaya da aka kuskure a sunan mutum. Wannan ban gyara ba, shekara goma sha wani abu.

Ganina da shi na ƙarshe bara ne, a rumfarsa. Ya ga na rame, ya ce, "Afe dai, lafiya kuwa, Jurnalis? Kanawa ba sa ba ka tuwo ne?" Ya sa aka kawo shayi. Ina kallon yadda yake matse kwado da gwiwa, yana juya makulli da hannun dama, saboda na hagun ba ya riƙo.

Wani mai kura ya wuce ya ce, "Ɗuri-Biyu, ina gajiya?" Ya amsa masa da fara'a.

Na ce, "Baba, ranar nan ta tsamiya..."

Ya juyo mini da kunnen da ke ji. Ya dube ni na ɗan lokaci. Sai ya ce, "Sha shayinka, zai huce."

Na sha. Na ji daɗi da ya tare ni, wannan ma gaskiya ce. Ban san ko ya riga ya sani ba. Ina zaton ya sani tun a daji, don mutumin da ya shekara arba'in yana ɗuri ba ya manta hannunsa. Amma zato ne, ban ji daga bakinsa ba.

Da Hawa ta gaya mini jikin ya yi tsanani, waya kuma ba ya jin ta sosai, sai na ɗauko tsohuwar rikodata na yi masa kaset, kamar yadda iyayenmu suke aika saƙo gida. Na faɗi komai, har da tsagar da na gani. Na roƙi gafararsa. Na ba wani ɗan kasuwa mai kai atamfa N'Djamena, yau kwana tara.

Abin da nake roƙo ke nan. Wanda zai je zaman makoki a Goudji, idan ya ji an ce Ɗuri-Biyu, ya gyara. Ya ce Abakar bai taɓa ɗura bindiga sau biyu ba, baƙonsa ne ya yi, shi kuma ya rufa masa asiri. Ku faɗa wa tsofaffin maharban da suka rage, musamman waɗanda suke ɗakin nan ranar. Ku ambaci sunana, ga shi nan a saman shafin.

Allah Ya jiƙan Baba Abakar, Ya yafe masa, Ya suturta shi kamar yadda ya suturta ni. Allah Ya ba Hawa da 'yan'uwanta haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ko da ƙafa ɗaya ce. Ni ma ku sa ni a ciki.

Za a yi jana'iza bayan azahar. Ɗan kasuwar ya ce ya miƙa kaset ɗin a gidan ranar Talata, a hannun wata mata da bai san sunanta ba. Hawa ta ce ita ba ta gan shi ba, za ta tambaya idan jama'a sun ragu. Har zuwa yanzu da nake rubutun nan, babu wanda ya tabbatar mini ko an kunna masa.