Tarwaɗar Kaka Ige Ba Ta Manta Ba

Matso kusa ka ji, don maganar nan ta daɗe tana cina.

A Wara muka tashi, gidanmu na kallon ruwa. Bayan isha'i Kaka Ige kan zauna bakin wutar banda tana juya kifi, mu jikoki mu kewaye ta. Akwai tatsuniyar da ba ma gajiya da ita: ruwa ya janye ya bar tarwaɗa a taɓo, zalɓe ya tara tsuntsaye suna yi mata dariya. Da ruwa ya dawo, ƙafar zalɓe ta kafe a taɓon nan. "To, ɗiyana," in ji Kaka, "tarwaɗa ba ta manta ba. Ta taho sannu sannu, caraf!" Mu sa ihu.

Shekarar da aka ba mu jihar Kabi, Kaka ta kai tsakiyar labarin ta tsaya. "Wa ke cikin taɓon ma?" Muka yi dariya. Daga nan ta fara zuwa bakin ruwa tana kiran mutanen tsohon ƙauyensu da dam ya cinye, duk matattu.

Maƙwabcinmu Mamman mai kamun kifi da koma, da 'yarsa ke zazzaɓi, ya ce waɗanda ta ci take ambata. Ya jawo ta gaban jama'a, ya fizge mata ɗankwali. "Tsohuwar mayya, tsallaka 'yata ki saki kurwarta!" Kaka ta tsallaka tana murmushi, ta zaci wasa ne. Daga ranar ko ruwa ba mai karɓa a hannunta, har ta rasu.

Sai daga baya wata ma'aikaciyar asibiti a Yelwa ta ce mana ciwon mantuwa ne: ga tsufa, ga hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba, ga buguwar kai ranar da ta faɗi a jirgi, ga kunne ya toshe ba mai hira da ita.

Yanzu Mamman ya tsufa, shanyewar jiki ta taɓa shi. Jiya ya tsaya ƙofata ba takalmi, ya kira ni da sunan Kaka, ya ce, "Ige, ina hanyar gidana?" Ga gidan nasa nan, taku ashirin. Na bar shi cikin rana har na gama tankaɗe, kuma wallahi na ji daɗi. Ashe tarwaɗar ni ce.

Gobe zai dawo, matan unguwa kuma sun fara raɗa. Kalma guda zan furta su kira shi da sunan da ya kira ta.

Kai da ka ji, in furta, ko in kama hannunsa?