Safiyar da Baba Ya Riƙe Filafili a Dumatul Jandal

Laraba: Makka zuwa Ha'il

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba muka fitar da mota daga lungunmu na Utaibiyya, mako guda bayan ƙaramar Salla. Mu uku ne: ni Maryam, da ƙanena Yasir, da mahaifinmu Alhaji Mamman. Tun kafin mu sa takalma Baba ya riga ya hakimce a kujerar gaba, sandarsa a tsakanin ƙafafu. Umma ta biyo mu har bakin ƙofa da tarmus biyu, na shayi da na gahawa, tana ta jaddada mini lokutan ɗiga masa maganin ido.

Bari in faɗi abin da ya fitar da mu. A bakin tafkin Chadi aka haifi Baba, a wata tungar masunta ta wajen Baga. Yana da shekara goma sha bakwai iyayensa suka zo da shi aikin hajji, ba su koma ba. Tun daga nan darduma da carbi yake sayarwa a unguwar Kudai. Ana saura kwanaki azumi likita ya gaya mana idonsa na hagu ya tafi, na daman ma yana bin sahu. Bayan mako guda, muna shan ruwa, Baba ya dube ni ya ce, "Uwata, ina so in ga ruwa mai faɗi tun ina iya gani." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana haka.

Yasir ya ce ai ga bahar nan a Jidda, tafiyar awa guda. Baba ya girgiza kai. "Ruwan da ba shi da tsallake ba nawa ba ne. Tafki nake so, in shiga jirgi ina hangen ɗaya gaɓar."

Yasir ne ya binciko wani babban tafki a Dumatul Jandal, can arewa a yankin Jauf, tafiyar sama da kilomita dubu ɗaya da ɗari biyu. Kwana huɗu kacal muke da su, domin ranar Lahadi zan koma makarantar da nake koyarwa, Baba kuma yana da ganin likita.

Mun yi sallar asuba a wani gidan mai a hanyar Madina, muka karya da ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi. Tara saura muka shiga Madina, muka yi ziyara, muka huta har azahar. Daga nan na karɓi tuƙi.

Da muka fita gari muka tarar da shingen bincike. Askarin da ke wurin ya karɓi igamar Baba, wato katinsa na izinin zama, ya duba, ya tambaye mu ina muka nufa. Na ce tafkin Dumatul Jandal.

"Ya ammi," in ji shi, wato ya baffana, yana leƙo Baba, "ka baro Zamzam a ƙofar gida ka tafi neman ruwan gishiri?"

Baba ya ce, "Zamzam na sha ne, ɗana. Wancan na hawa ne."

Askarin ya ƙyalƙyale da dariya, ya miƙo katin da hannu biyu, ya yi mana fatan sauka lafiya.

Wannan lokaci shi Larabawa ke kira rabi'i, tsakanin sanyi da zafi. A Makka tuni mun kunna na'urar sanyaya ɗaki, amma da muka yi nisa da Madina sai muka sauke gilashi. Iska mai sanyi, daji ya yi kore shar, furanni rawaya da shuɗi sun rufe gefen titi. Iyalai sun kafa tantuna suna dafa gahawa, raƙuma na kiwo ba mai kora su. Shida da minti goma muka shiga Ha'il, muka kama shagga, wato masaukin haya, mai ɗaki biyu. An kawo mana kubaiba, shinkafa da nama a naɗe cikin ganyen inabi. Baba ya ci guda bakwai, ya ce alale ce ta yi ƙaura.

Alhamis: Ha'il zuwa Dumatul Jandal

Bakwai daidai muka tashi, kowa da rigar sanyi. Hanyar kusan kilomita ɗari huɗu ce, ta ratsa tsakiyar rairayin Nafud, ja wur, tudu bayan tudu. Tun wajen ƙarfe goma Yasir ya fara riƙe sitiyari da hannu biyu, don iska na tura motar gefe. Ya ce da ni a hankali da Hausarsa mai gauraye da Larabci, wai kada Baba ya ji, "Yaya, hawa ta yi yawa. Anya za su fitar da jiragen?"

"Na ji ka," in ji Baba, idonsa a rufe. "Kuma iska ake cewa, ba hawa ba."

Sha biyu saura kwata muka isa. Muka ajiye kaya a masauki, muka yi salla, muka ci abinci, ƙarfe huɗu muka nufi tafki. Mutum yana cikin tuddai da duwatsu, sai kawai ya ga ruwa shuɗi ya buɗe a gabansa. Baba ya sauka bai jira sanda ba. Ya taka har gaɓa, ya durƙusa, ya ɗebi ruwan ya kai baki, ya furzar yana dariya.

"Gishiri da ɗan kanwa-kanwa! Uwata, ko ba komai warin bakin ruwa iri ɗaya ne ko'ina."

Sai dai tafkin a hargitse yake. Iska na kaɗowa daga arewa, igiyar ruwa na dukan gaɓa da farin kumfa. Jiragen duk an ja su tudu an ɗaure. Muka sami mai su, wani Balarabe mai furfura a gemu da ake kira Abu Nayif, yana zaune a bayan motarsa yana shan shayi. Yasir ya yi masa bayani. Ya nuna mana wayarsa, ya ce haka rabi'i yake a nan, yau lafiya gobe hauka, kuma hasashe ya nuna iska har ranar Lahadi.

"Wallahi ko ɗan'uwana ba zan ɗora a ruwan nan ba, balle dattijo. Ku dawo ranar Litinin."

Gobe bayan Juma'a dole mu kama hanya. Na juya don kada Baba ya ga fuskata.

Shi kuwa ko a jikinsa. Ya tsaya ya ba ruwan kunne, ya juya fuska dama da hagu, ya tambayi Abu Nayif ko jiya da sassafe an yi raɓa. Ya ce an yi. Ya sake tambaya da wane lokaci iskar ta tashi yau. Abu Nayif ya ce bai sani ba, shi sai bayan la'asar yake fitowa.

"To ai shi ke nan," in ji Baba da Larabcinsa na kasuwa. "Irin wannan iskar da rana take tashi, da rana take tafiya. Gobe daga fitowar rana zuwa hantsi ruwan nan zai kwanta kamar tabarma. Ka zo mu gani. In na yi ƙarya, na sha shayinka in tafi."

Abu Nayif ya dube shi daga sama har ƙasa. "Ya ammi, kai bahari ne, matuƙin jirgi?"

"Ɗan masunta ne. A cikin kwalekwale na yi rarrafe."

Sai Abu Nayif ya ce, "Tayyib. Bayan asuba. Amma in na ga kumfa ko ɗaya, halas, an fasa."

Juma'a: a kan ruwa

Shida saura minti goma muna bakin tafki. Sanyi har cikin ƙashi, ina ta hura hannu. Abin mamaki, ko ganye ba ya motsi. Ruwan ya kwanta lumui, wani siririn hayaƙi na tashi a kansa, agwagin ruwa na iyo a jere, ga zalɓe guda a tsaye cikin ciyawar gaɓa. Abu Nayif ya iso shida da minti biyar. Ya fito daga mota, ya dubi ruwa, ya dubi wayarsa, ya mayar da ita aljihu. Ya je ya sumbaci Baba a ka.

Ya ba kowa rigar kariya. Baba ya so ya yi gardama, na ce, "Baba, in ba riga, ba jirgi." Ya sa yana gunaguni. Ƙaramin jirgi ne mai inji, fari, mai cin mutum shida. Abu Nayif ya bi da mu ta gefen gaɓa a hankali, yana nuna mana inda ruwa ke da zurfi da inda duwatsu ke ɓoye. Rana ta ɓullo ta bayan tuddai, ruwan ya koma ja, ya koma ruwan zinariya. Baba ya rufe idon hagu da tafin hannu, ya buɗe na dama sosai, yana bin gaɓa da kallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

"Ina ganin tsallake," ya ce. "Uwata, ga shi can, ina ganinsa."

Da muka kai tsakiya ya roƙi a kashe inji. Ya lalubo filafilin da ake ajiyewa a ƙasan jirgi don ko-ta-kwana, ya auna nauyinsa a hannu, ya ce a ba shi wuri a baya. Yasir ya riƙe masa kafaɗa har ya zauna. Tsomawar farko jirgin ya karkace, ta biyu ma haka. A ta uku sai hannun ya tuna. Filafilin na shiga ruwa ba ƙara, yana ɗan murɗa shi a ƙarshe, jirgin na tafiya ɗoɗar. Mutumin da nake riƙe wa hannu ya hau matakalar masallaci, ga shi ya miƙe baya yana tuƙa mutum huɗu. Can sai ya fara rera wata waƙar masunta da ban taɓa ji a bakinsa ba. Yasir na ɗauka a waya, hawaye na bin gemunsa, yana dariya. Baba ya miƙa masa filafilin ya ce ya gwada. Yasir ya juya mu sau biyu a wuri ɗaya kamar faifai, har Abu Nayif ya riƙe ciki.

Takwas saura kwata Abu Nayif ya ce tunda ruwa ya yi kyau, bari ya kai mu can ƙarshen tafki. Baba ya shafa ƙeyarsa, ya juya fuska arewa.

"A'a. Tayar da inji mu koma. Iskar ta taso."

Ni ban ji komai ba. Ruwa na nan lumui. Amma Abu Nayif bai yi musu ba, ya ja igiya. Muna rabin hanya na ga fuskar ruwan ta yamutse daga arewa, ta yi duhu. Kafin mu kai gaɓa jirgin ya fara tsalle, feshi na dukanmu a fuska, na ƙanƙame gefe ina salati. Baba kuwa dariya yake, yana ce wa Abu Nayif ya fuskanci igiyar da goshin jirgi, kada ya ba ta gefe. Takwas da minti goma muka taka ƙasa, a jiƙe sharkaf. Da muka waiwaya, farin kumfa ya rufe tafkin.

Abu Nayif ya rantse ba za mu wuce ba mu shiga gidansa ba. Aka kawo gahawa da dabino da gurasa da man zaitun na gonarsa. Ya tara 'yan'uwansa yana ba su labari, yana nuna Baba yana cewa wannan shi ne shaihin ruwa. Tare suka tafi Juma'a. Ƙarfe biyu muka kama hanya, da galan na man zaitun a but, muka kwana a Ha'il.

Asabar: gida

Shida na safe muka tashi, muka ci abincin rana a Madina, biyar da rabi na yamma muka shigo Utaibiyya. Zafin Makka ya tare mu tun daga bakin gari, muka tuɓe rigunan sanyi. Baba ya yi barci kusan duk hanya, tafin hannunsa biyu sun yi bororo, ya hana a shafa musu komai.

Umma ba ta bari mun zauna ba sai da Yasir ya ba ta waya. Ta kalli hoton sau uku a tsaye. Ta dubi mutumin da ke tuƙi yana waƙa, ta ɗago ta dubi wanda ke kishingiɗe a kan kujera.

"Alhaji," ta ce, "shekara arba'in da uku ina zaune da mai shago. Wannan kuma a ina ka ɓoye mini shi?"

Baba ya yi murmushi ya ce, "Ba ki taɓa kai ni ruwa ba, Hajiya."

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai mu lafiya, Ya kwantar mana da iska na awa biyu, Ya dawo da mu lafiya. Abu Nayif da iyalinsa, Allah Ya saka musu da alheri. Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon ya sa idon Baba a addu'a.