Nauyin Direba

Gemunsa ya yi furfura, amma har yau Auta ake ce masa, domin shi ne ƙarami a gidansu, kuma shi aka bar wa gidan. Yayyensa kowa ya kama gabansa, sai gaisuwa ta waya. Da ɓarin jikin mahaifinsu ya shanye, ba wanda ya kira taro don a yi shawara. Auta ya rufe shagonsa na gyaran keken ɗinki, ya kwaso kayan aikinsa ya dawo gida, magana ta ƙare.

Tun daga ranar, duniyarsa ta tsaya iyakar inda ake jin ƙararrawa. Wata 'yar ƙararrawar keke ce ya ɗaura wa Baba a jikin gado. Ana jin ta a falo, ana jin ta a kicin, ana jin ta a gareji. A bakin titi ba a jin ta, don haka Auta ba ya zuwa bakin titi. Abin yana cinsa a rai, sai dai ba mai faɗa ba ne.

A garejin nan akwai wata jar mota, mai kujera biyu, irin ta masu gudu. Wajen masu tsofaffin ƙarafa aka samo masa ita, da igiya aka jawo ta. Injinta garau, ƙafafunta ne suka mutu. Auta bai taɓa koyon kanikanci ba, amma ya ce wanda ya iya saita allurar keke ba taya ce za ta gagare shi ba. Shi kuwa Baba direba ne tun yana saurayi, ya tsufa yana jan motocin mutane, bai taɓa mallakar ko sitiyari ba. Ranar da aka shigo da ita Auta ya durƙusa gaban gado ya yi alkawari.

"Baba, ranar da ta tsaya daidai, ni da kai za mu fita. Mu miƙe babban titi har sai gidaje sun ƙare."

Ya cire tsofaffin shokozoba, masu tare girgiza, ya sa wasu. Ya cire dogayen sifirin da ke ɗage ta ya sa gajeru, don motar ta kwanta ta kama ƙasa. Tsofaffin kuwa ya miƙa wa masu gwangwan, wai suna tare masa wuri. Matarsa ta leƙo ta ga yadda motar ta lafe, ta riƙe haɓa.

"Maigida, mota ce wannan ko tabarma?"

Sai aka zo saitin tayoyi, kuma a nan Auta ya maƙale. Zaren ɗinki yake ja ta kowane gefe, ya ɗaure a jikin gwangwanayen fenti, ya ɗauki rula ya auna daga zare zuwa bakin taya, gaba da baya. Ya kwanta ya shige ƙarƙashi, ya murɗa sandar sitiyari da sifana, ya fito. Sannan ya tura motar gaba, ya jawo ta baya, don ƙafafun su zauna, ya sake aunawa. Akwai kuma ƙa'ida guda da ba ya wasa da ita: ba a saiti sai da nauyin direba a kujera, in ba haka ba aikin banza aka yi.

Saboda haka kullum da safe, bayan ya yi wa Baba wanka, sai ya sungume shi ya kai shi kujerar direba. Tsoho ya kama sitiyari da hannunsa mai lafiya, ya tsare shi tsaf. Auta ya tura, mota ta gangara har hancinta ya kusa taɓa rufaffiyar ƙofa, ya jawo ta ta dawo bango. Iyakar tafiyarsu ke nan.

"Yi a hankali, Auta," in ji Baba, bakinsa a karkace. "Wannan gudu ya yi yawa."

Ana haka masu gyaran titi suka zo unguwar da hayaniyarsu. Matar ta ce sun yi sabuwar kwata, sun zuba siminti a bakin gareji, ya kamata ya leƙa. Ya ce zai leƙa, kansa na ƙarƙashin mota. Bai leƙa ba.

Abin da ya hana shi sukuni daban ne. Awo ya ƙi tsayawa. Ya saita yau, bayan ɗan lokaci ya tarar ɓangaren direba ya ɗan ɗaga, taya ta kauce wa zare. Ya zargi sifirin. Ya zargi robobin ƙafa, ya canza su. Har daɓen garejin ya zarga, ya bi shi da kwanon ruwa yana neman gangara. Mutum mai taurin kai in ya sami rula, sai dai a yi haƙuri. Baba kan tambaya, "Yau ne?" Shi kuma ya ce, "Saura kaɗan."

Wata safiya matarsa ta tsaya a kansa, wandon Baba a hannunta, yana tsugune yana zagin zare.

"Maigida, ba motar ba ce."

"Me kika sani game da mota?"

"Ban san komai ba. Amma ni nake rage wa Baba ƙugun wando. Kai da kake ɗaukarsa kullum, hannunka bai gaya maka ba?"

Auta ya miƙe. Ya shiga ɗaki ya sa hannu ya ɗaga tsohon, kuma a karon nan ya saurari hannunsa. Kamar ya ɗauki ƙunshin wanki. Duk watannin nan rularsa gaskiya take faɗa masa, shi ne yake karanta ta a jikin ƙarfe. Tsoro ya kama shi, da kunya.

Ya zaunar da Baba a kujerar gefe, ya ɗaura masa bel. Ya sa almakashi ya datse zaren.

"Yau ne, Baba."

Inji ya tashi da ruri, gareji ya ɗauka. Auta ya ja ƙofar ƙarfen ta buɗe da ƙyar, haske ya shigo. Sai ya tsaya. Bakin sabuwar kwatar ya taso ya tare hanya, dakalin siminti mai tsayi. Kowace mota za ta haye shi ba tare da ta sani ba, ban da wadda aka kwantar da gangan. Ya matso da ita a hankali, bamba ta daki siminti. Ya kawo katakai ya jera, tayoyin gaba suka hau, ƙasan motar ya zauna daram a kan dakalin. Dole ya koma da baya. Ɗaga ta sai da dogayen sifirin, waɗanda ya bayar da hannunsa, sannan a faro aiki daga tushe.

Ya kashe inji. Ga titi nan baƙi wul, sabo, motoci na wucewa.

"Ta ƙi?" in ji Baba.

"Ni na saukar da ita, Baba."

Tsohon ya daɗe yana kallon titi. Sannan ya nuna sitiyari da haɓa.

"Mai da ni wurina. Ka bar ƙofar a buɗe."

Auta ya mai da shi kujerar direba, ya ɗora masa hannu a sitiyari. Ya zagaya baya, ya kafa kafaɗa, ya tura. Motar ta tafi da sauƙi, sauƙin da bai so ba.