Yadda Na Rasa Zanin Inna

Shekara uku ni ne uwa a ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo a Fagge. Babu uban da zai bar 'yarsa ta hau dandamali, don haka mu samari muke ɗaura zani. Daga baya na ga irin haka a Indiya, ƙato da awarwaro yana rangwaɗa, amma su gado suka yi, mu kuwa rashi ne ya sa mu. Ni dai na iya. In na yafa mayafi na dafe ƙugu na ce, "Oh ni jikar mutum huɗu," sai filin makarantar da muke wasa bayan la'asar ya kaure da dariya.

Lokacin kuɗin fetur sun shigo gari, kowane akawu ya sayi babur, mu ma muka samu labule da lasifika. Sai shugabanmu, wani tela Babarbare, ya zo mana da wata budurwa daga Sabon Gari, 'yar Ibo, Kirista, mai buga tafireta a wani ofis kusa da tashar jirgi. A Kano aka haife ta, Hausarta tar.

"Ga uwa ta gaske," in ji shi. "Kai ka koya mata, ka huta da aske gemu."

"Inna, a yi haƙuri a ara mini zanin," ta ce, har da russunawa. Kowa ya yi dariya ban da ni.

Mu ba ma rubuta wasa. A Alƙahira na ga ɗan wasa yana haddace takarda kamar mai shirin jarrabawa. Mu shugaba ne yake faɗin labarin a taƙaice, kowa ya hau ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Duk abin da ban gaya mata ba, ba ta da inda za ta karanta shi, ga shi ba ta taɓa zama cikin gidan Bahaushe ba. Na koya mata zama da tafa hannu da salati. Abu ɗaya na riƙe ban gaya mata ba: uwa ba ta kiran ɗan fari da sunansa. Wanda zai fito a ɗanta na fari ya tafi Legas sarin kaya, ni nake tsaya masa a gwaji, kuma "kai" kawai take ce mini.

Ranar wasa ɗan ya shigo a kan babur, ya sayar da gonar gado ya saye shi. Budurwar ta miƙe, ta kira sunansa gatsal, har sau uku.

Fili ya yi tsit. Ina bayan labule, zuciyata fes.

Sai wata tsohuwa daga bencin mata ta ce, "Wayyo, ɗan nan ya kai ta maƙura! Yau har sunansa ta kama!" Mata suka ɗauki salati, wasu na share ido. A ganinsu baƙin ciki ne ya cire wa uwa kunya. Ni a shekara uku dariya kaɗai na taɓa samu.

Kafin mu naɗe labule wata ta ja budurwar gefe ta yi mata bayanin al'adar, ina kallo. Shugaba ya dafa kafaɗata. "Kai ka shirya mata wannan?"

Ta dube ni, ba ta yi murmushi ba. "Shi ne. Malam ya san abin da yake yi."

A wasa na gaba aka ba ni ɗan doka. Na shigo da kulki na ce, "Ku watse," na fita.